Kaka, Kashe Fitilar Nan

"Gafara dai jama'a, a kauce, a ba da hanya! Ga mai kaji ba ta cin nama! Ga wadda haƙori ɗaya ya rage mata amma duk layin nan ana tsoron cizonta! Amaryata ta fari kuma ta ƙarshe, ranki ya daɗe, barka da yamma!"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Kaka ke nan, mahaifiyar babana, tana zaune a kan 'yar kujerarta a ƙofar ɗaki, faranti a cinya, tana tsince tsakuwa daga hatsin kaji.

"Yau kuma me za ka roƙa?"

"Haba Amarya. Miji ba zai gaida matarsa ba sai da dalili?"

"Mijin kirki da leda yake shigowa. Kai da baki kake shigowa. Faɗi abin da ya kawo ka, rana na faɗuwa."

To, da dalili kam. A shagon hoto nake aiki, in dai yankan hoton fasfo da sharar shago aiki ne. Kafin nan na taɓa makaranta na ajiye, na taɓa ɗinki na ajiye, gareji ma na leƙa na fito. A gidanmu in aka ce na fara abu, ba a tambayar yadda yake tafiya, sai dai a tambayi yaushe na bari. Amma wannan karon abin ya kama ni da gaske. A waya na ga wasu mutane suna ɗaukar hoton wani abu can cikin sama, nebula ake ce masa, wani gajimare ne na ƙura da iska inda sababbin taurari ke fitowa. Akwai guda a ƙarƙashin taurarin nan uku da ke jere a layi. Da ido sai ka ce ɗan hazo ne, amma in kyamara ta daɗe tana kallonsa, sai ya buɗe da ja da shuɗi.

Na dami Oga, mai shagonmu, har ya ara mini tsohuwar kyamararsa da zai yi tafiya, bisa sharaɗin kada ta fita daga gidanmu, kuma ranar da ya dawo ita ma ta dawo. Ya ce in na nuna masa hoton kirki, zai bar ni in fara ɗaukar mutane a shago. Gobe yake dawowa. Farin wata ya hana ni, hadari ya hana ni, yau sama ta wanke tas kuma babu wata. Abu ɗaya ya rage: ƙwan fitilar da Kawu ya maƙala wa Kaka a bango, saman akurkin kajinta. Na sola ne, ko an ɗauke wuta shi ba ruwansa, fari fat, yana haske tsakar gida har ka tsinci allura. Makunninsa kuwa yana cikin ɗakinta, kusa da filonta.

Na durƙusa na gyara murya. "Alfarma ɗaya, Amarya. Daren yau kawai. Ki kashe ƙwan nan."

"A'a."

"Ba ki ma ji dalilin ba."

"Na ji shi jiya, na ji shi shekaranjiya. Hoton hayaƙi za ka ɗauka. In hayaƙi kake so, bari in ƙona shara, ka ɗauka da rana tsaka ka huta."

"Ba irin wannan hayaƙin ba ne! Kaka, hasken da nake nema ya yi sama da shekara dubu yana tafiya kafin ya iso gidan nan. Ya gaji, ya rame, da ƙyar yake jan ƙafa. Yana isowa bakin katangarmu sai ƙwanki ya wanka masa mari."

"Baƙon da ya yi shekara dubu a hanya ai zai iya ƙara kwana ɗaya."

"Shi zai iya, kyamarar Oga ce ba za ta iya ba. Kuma ki ji tausayinsa, sa'anki ne. Ranar da ya baro gida kina budurwa."

"Da ina budurwa, irinka ko takalmina ba a ba su su riƙe. Dubi ƙafafu kamar na tsintsiya. Dubi wuya. Da kallon sama ka ƙara masa tsawo, ko dama haka aka yi kuskuren?"

"Wannan wuyan 'yan mata ke layi a kansa."

"Su rataya wanki?"

Na haɗiye wannan, don mai nema ba ya fushi. Na matsa kusa na fara taya ta tsintar tsakuwa. Ta buge mini hannu.

"Ajiye. Hatsin kake zubarwa kana barin tsakuwar. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin mai hoto irinka ba. Ta taga nake kallonka. Rannan da idona na ga ka rufe bakin kyamarar da murfi, ka ci gaba da dannawa. Hoton me kake ɗauka, cikin murfi?"

"Wannan ilimi ne. Ana ɗaukar hoton duhu zalla, don kyamara tana da nata ƙurajen da take zubawa a hoto. In aka gane su a duhu, sai a cire su daga hoton gaske."

"To ka samu sana'a. Rufe murfinka ka ɗauki duhunka, ni in bar fitilata. Kowa ya huta."

"Kaka!"

"Na'am, Miji."

"Wallahi zan sake ki."

"Ka rubuto. In ka iya rubutun."

Zakaranta ya zo wucewa ya tsaya yana kallona da ido ɗaya, kamar shi ma yana jiran amsa. Na kore shi da ƙafa.

"Kada ka taɓa min shi," in ji ta. "Shi kaɗai ne namijin da ke tashi da wuri a gidan nan. Saurara in gaya maka. Ƙwan nan ba don kwalliya nake kunna shi ba. Muzuru ya gano gidan nan. Ya ɗauke min mai zanen wuya, gashinta kawai na tarar a bayan randa. Ga Baƙa can tana kwanci, yau ko gobe za ta ƙyanƙyashe. Haske ne kawai ke sa ɗan banzan ya yi shakka. In kashe, in wayi gari da ɓawon ƙwai?"

"Ai da sauƙi. Ki rufe ƙofar akurkin."

Sai a lokacin ta ajiye farantin. Ta ɗago ta kalle ni, irin kallon da take wa mai kayan miya in ya ce farashi ya tashi.

"Ƙofar ba ta rufuwa."

"Ikon Allah."

"Ikon Allah kam. Wani ɓarawo ne ya shigo, bai ɗauki kaza ba, bai ɗauki ƙwai ba, sai ya kwance hinjin sama, ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kai. Ga ta can ta langaɓe kamar kunnen jaki. Na tokare da bulo, muzuru ya bi ta ratar sama."

"Kai, duniya ta lalace. Mutane ba tsoron Allah."

"Babu. Kuma ɓarawon jahili ne, ko kwance noti bai iya ba. Da wuƙar girkina ya ɓanɓare shi, ya lanƙwasa mata baki, ya tsage katakon. Yanzu ko an dawo da hinjin sai kafinta ya zo, shi kuma kullum gobe."

"Bari in je in duba ko batirin kyamara ya cika."

"Zauna. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Je ka ɗauko min katakon nan naka da kake kwana kana murɗawa."

Babu yadda zan yi, na shiga ɗaki na ɗauko. Abin alfaharina ke nan a duniya: katako biyu, ɗaya a kan ɗaya kamar littafi, hinji ya haɗa su a gefe guda, dogon noti ya ratsa ɗaya gefen. Kyamara na zama a kan na sama. Na ajiye a gabanta na fara bayani tun kafin ta buɗe baki.

"Kin ga, sama ba a tsaye take ba, taurari tafiya suke yi daga gabas zuwa yamma. In kyamara ta tsaya wuri ɗaya tana kallo, sai su fito kamar tsutsotsi. Shi ya sa ake saita wannan gefen ya kalli tauraron arewa, wanda ba ya gusawa, sai in riƙa murɗa notin nan a hankali ina bin agogo, katakon na ɗagawa, kyamara na bin sama sau da ƙafa. Masu kuɗi inji suke saya. Ni da kaina na ƙera."

"Sannu, injiniya. Wannan ƙarfen fa, na gefe?"

"Wannan? Na kasuwa ne."

"Da koren fenti?"

"Haka suke zuwa yanzu."

"Irin fentin ƙofar akurkina?"

"Kamfaninsu ɗaya."

Ta kai farce ta kankare wani abu fari da ya bushe a jikinsa, ta nuna mini. "Wannan ma daga kamfanin?"

"Shaidar inganci ce."

"Ramin ƙarya dai ƙurarre ne."

"To ko da a ce shi ne, ban ce shi ne ba, ai ƙarin girma ya samu. Shekara da shekaru yana gadin kaji, yau ga shi yana bin taurari. Ke ba kya son ci gaban na ƙasa da ke?"

"Kai ka cire hinji, muzuru ya shigo. Muzuru ya shigo, na kunna fitila. Na kunna fitila, ka zo kana min kuka. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka."

"Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi."

"Kai ne zakaran? Ko ƙwai ba ka gama fita ba."

Rana ta kusa taɓa katanga. Na kalli sama, babu ko ɗigon gajimare, irin daren da na yi ta jira. Na ce a raina yau ko ni ko ƙwan nan.

"Shi ke nan, ga shawara. Ni zan zama ƙofar. A bakin akurkin zan kafa kayana, in kwana a nan. Muzurun da ya isa ya zo."

"To. Kana tsakiyar murɗa notinka, sai ga shi ya diro. Me za ka yi?"

"In yi masa tsawa."

"Bai ji ba. Ya nufi Baƙa."

"In jefe shi da takalmi."

"Da wane hannun?"

Gaskiya in ka saki notin nan ko na ɗan lokaci, hoton ya tashi aiki.

"Ka gani? Da bakinka za ka ce masa, malam yi haƙuri ka ci a hankali kada ka girgiza min kyamara."

"Sharri ne wannan."

"Sani ne. Ni na yi maka wanka kana jariri, na san ka tun kana ja kamar ɗan ɓera." Ta ɗauki farantinta ta miƙe, ƙashin gwiwarta ya yi ƙara. Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo, tana murmushin mugunta. "Sai dai in kajin a ɗakinka za su kwana. Shi ne ɗakin da ƙofarsa ke rufuwa. Dukkansu, har zakaran, har Baƙa da kwandonta."

Ta san inda ta taɓa. Ɗakina ƙarami ne, amma ko ƙuda sai ya yi sallama. Katifata a ƙasa take da farin zanen gado, fararen takalmana a jere a bango, rigar da zan sa in tari Oga tana rataye a ƙusa, a goge. Ko ƙannena ba na bari su wuce labule.

"To," na ce.

"Me?"

"Na ce to. Su shigo. In suna son filo ma akwai."

Ta dawo ta zauna a hankali, tana leƙen fuskata. "Kai, Miji. Ka san abin da kaza ke yi da dare kuwa? Ba barci kawai take yi ba."

"Na sani."

"A kan farin zanen nan naka."

"Sabulu bai ƙare a duniya ba."

"Zakaran nan tun kafin asuba yake farawa, kuma ba ya gajiya."

"Ai ba a ɗakin zan kwana ba, ina waje ina aiki."

"Kai da ka bar ɗinki don allura ta soke ka? Ka bar gareji don baƙin mai ya shiga farcenka? Yau kashin kaji a katifa ka ce to?"

"Ɗinki ba nawa ba ne, Kaka. Gareji ba nawa ba ne. Wannan nawa ne. Yau sai na ɗauko abin nan, ko da a akurkin zan koma da zama."

Sai ta yi tsaki, ta shiga ɗaki, na ji tana jan gwangwanin da ke ƙarƙashin gadonta. Ta fito da wani tsohon sukudireba mai kan katako, duk ya sha hannu ya yi sumul. Na san shi, na marigayi kakana ne, ba ta bari a taɓa.

"Ungo. Je ka kwance ɗayan ma."

"Ɗayan me?"

"Hinjin ƙasa, sakarai. Ƙofar da babu kaji a bayanta me za ta yi da shi? Ina kallonka kullum, katakon na rawa, kana cusa takarda kana tokarewa kana zage-zage. Abu mai ƙafa ɗaya ai dole ya yi ɗingishi. Sa masa biyu. Kuma da wannan ake kwancewa, ba da wuƙata ba."

"Amarya! Na fasa sakin! Na mayar da ke ɗakinki!"

"Wa ya ce na fita? Gobe in kafinta ya zo, biyu za ka ba shi, a wanke. Ni kuma in na tashi fita da dare fa, in karye a duhu?"

Na zaro 'yar tocilata daga aljihu, wadda na ɗaure wa jar leda a baki. "Ga wannan. Jan haske ba ya ɓata hoto, ba ya kashe ido."

Ta kunna ta haska fuskarta daga ƙasa. "In fito da wannan maƙwabta su ce aljana ta sauka."

"Ai sun daɗe da sani."

Ta kai mini duka da farantin, na goce, hatsi ya watse, kaji suka yo kanmu.

Kamun kajin nan kaɗai yaƙi ne. Zakaran ya yage ni a hannu, wata ta haye kan rigata ta tarar Oga tun kafin in rufe ƙofa. Baƙa kuwa da kwandonta na ɗauke ta, ina tafiya kamar mai ɗauke da cikakken kofin shayi, Kaka na bina a baya tana cewa in na fasa ko ɗaya ta fasa kaina. Da duhu ya yi sosai na ji ƙas daga ɗakinta, tsakar gida ta mutu, sama ta faɗo kusa. Na saita katako, na samo taurarin uku, na sauka ƙasa da su kaɗan. Ina murɗawa ina bin agogo, in ɗauka, in sake, in ɗauka, in sake, har yatsuna suka daina jin notin. Katakon bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Muzurun ya zo kuwa, na ga idanunsa a kan katanga. Ya leƙa akurki ya tarar wayam, ya kalle ni, na kalle shi, hannuna bai bar notin ba.

Da gari ya waye na zauna a bakin ƙofa, don ɗakin ba ya shiguwa, na ɗora hotunan a kan juna a tsohuwar kwamfutar shago, na cire na duhun, na ja hasken a hankali. Sai ga shi yana fitowa. Ja a gefe, fari a tsakiya, ya buɗe kamar fukafukai, taurari kewaye da shi ɗigo-ɗigo, babu tsutsa ko ɗaya. Na tashi tsaye, na zauna, na sake tashi. Daga cikin ɗakina kuma sai na ji tsiyau-tsiyau. Baƙa ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan har sun gano takalmina.

Na ɗauki kwamfutar na nufi Kaka, tana kan kujerarta da kofin shayi.

"Gafara dai jama'a! Ga mai hoton sama! Ga wanda daga yau ba ya yankan fasfo! Amarya, buɗe ido ki ga aikin mijinki!"

Ta ajiye kofin, ta goge hannu a zane, ta jawo kwamfutar kusa da hancinta, ta tura ta nesa, ta sake jawowa. Ta daɗe tana kallo, har na fara jin daɗi.

"Shekara dubu yana tafiya, ka ce?"

"Har da ɗoriya."

Ta miƙo mini, ta ɗauki kofinta.

"Ya sha wahalar banza. Hayaƙi ne. Ga tsintsiya can."